Kati, littafin wasa, tuta ko riga: da wanne za ka fara tara tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka?

Ɗan yayata da ke karatu a Amurka ya kira ni kwanakin baya, ya ce: "Kawu, na tara 'yan daloli, ina so in fara ajiye tsoffin kayan ƙungiyar makarantarmu, amma na rasa ta inda zan kama." Ya ga kati mai hoton ɗan wasa, ya ga tuta, ya ga wata riga da aka ce wani gwarzo ya taɓa sakawa, duk sun shiga ransa, kuɗin kuma ba za su kai ko'ina ba. Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, domin duk wanda wannan wasa na zari-ruga irin na Amurka ya kama wa zuciya, ko ba jima ko ba daɗe zai tsaya a wannan mararraba.

Wasan jami'o'i ya girmi na ƙwararru nesa ba kusa ba. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 Rutgers ta kara da Princeton a New Brunswick, ta ci 6 da 4, daga nan ake ƙirga farkonsa. Harvard da Yale suna karawa tun 1875, makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa tun 1890. Shekara sama da 150 ke nan ana buga takardu, ana ɗinka riguna, ana yaga tikiti a bakin ƙofa. Kayan sun yi yawan da ba mai iya tara su duka, don haka dole a zaɓa.

Ma'aunan da nake dubawa

Abu biyar nake tambayar kaina kafin in sa hannu a aljihu. Na farko farashi, kuma ba kuɗin da aka rubuta a jikin kaya kaɗai ba: akwai kuɗin aikowa, akwai ladan gidan gwanjo, wanda a manyan gidaje irin su Heritage yakan kai kashi 20 cikin ɗari ko ya ɗara, a kan abin da ka taya. Na biyu ƙarko, wato shekara nawa abin zai yi a ɗakinka bai lalace ba. Na uku sauƙin samu da sauƙin sayarwa in ta kama. Na huɗu haɗarin jabu. Na biyar shi ne wanda masu neman riba suke tsallakewa, ni kuwa shi na fi ba nauyi: labari nawa abin yake ɗauke da shi? In ka riƙe shi a hannu, me zai gaya maka game da ƙungiyar da ba ka sani ba?

Littafin ranar wasa

Wannan shi ne ɗan littafin da ake sayarwa a ƙofar fili ranar karawa. Ba zan ɓoye ba, shi ne zaɓina, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Ɗauki na shekarun 1940 ko 1950 ka buɗe tsakiyarsa. Za ka tarar da sunayen 'yan wasan ɓangarorin biyu a jere, kowa da lambarsa, da nauyinsa, da ajinsa, da garin da ya fito. Sau da yawa tallar sigari ko ta lemon kwalba ce ta kewaye jerin, abin da ke nuna maka zamanin tun kafin ka dubi kwanan wata. Gaba kaɗan ga hoton koci, ga jawabin shugaban jami'a, ga sakamakon duk karawar da ƙungiyoyin biyu suka taɓa yi. Bangon kuma zanen hannu ne mai launi, wasu har a bango ake rataye su don kyau. A wani da nake da shi, mai shi na farko ya bi da fensir yana rubuta maki zango bayan zango, a zango na ƙarshe rubutun ya karkace, alamar ya miƙe tsaye ne yana rubutawa. 'Yan kasuwa suna rage wa irin wannan kuɗi saboda an yi rubutu a ciki. Ni kuwa wannan fensirin ne ya sa na saye shi.

Ta fuskar farashi, littafin wasan da ba wani abin tarihi da ya faru a cikinsa, na shekarun 1960 ko 1970, da 'yan daloli zuwa 'yan gomomi za ka same shi. Kuɗin yana tashi ne da girman ranar. Dubi 18 ga Oktoba 1924. A ranar Red Grange na Illinois ya tsallake layin maki sau huɗu cikin minti 12 na farko a karawa da Michigan, ranar da ake bikin ƙaddamar da filin Illinois, aka tashi 39 da 14. A wannan rana ɗaya dai, a New York, Notre Dame ta doke makarantar sojan ƙasa 13 da 7, ɗan jarida Grantland Rice ya laƙaba wa 'yan bayanta huɗu sunan Mahaya Huɗu, sunan da ya bi su har kabari. Littafin ko wanne daga cikin waɗannan wasanni biyu ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Haka na kunnen dokin 10 da 10 tsakanin Notre Dame da Michigan State a 1966, da na Nebraska da Oklahoma a 1971 da aka tashi 35 da 31, ko da yake waɗannan biyun sun fi sauƙin samu saboda an buga su da yawa kuma mutane sun san su adana.

Rauninsa takarda ce. Ƙarfen da aka ɗinke tsakiya da shi yana tsatsa ya ɓata shafi, kuma yawancinsu an naɗe su an cusa a aljihun kwat, layin naɗin ba ya gogewa. Jabu bai cika yawa ba, sai dai akwai waɗanda aka sake bugawa daga baya don tunawa da manyan wasanni. Takardar sabon bugu fara ce fat, mai santsi, ƙarfenta yana ƙyalli. Tsohuwa kuwa ta yi ruwan ƙasa daga gefe, kuma tana da warinta. Sayarwa tana ɗaukar lokaci, domin mai sayen littafin ƙaramar makaranta sai wanda ya yi makarantar ko jikansa.

Guntun tikiti

Ƙanin littafin wasa ne. Ƙarami, ba ya cin wuri, yana ɗauke da rana da fili da lambar kujera, shaida ce cewa wani ya zauna a wurin da idonsa. Tikitin da ba a yaga ba ya fi guntu tsada, domin kaɗan ne suka saya ba su je ba. Tun daga 2020 jami'o'i da yawa sun koma tikitin waya, tikitin takarda yana neman zama tarihi shi kansa, wannan ya ƙara wa tsofaffin farin jini. Sai dai labarinsa gajere ne: zai gaya maka an yi wasa, ba zai gaya maka wa ya buga ba. Na fi son sa a matsayin rakiya, a sa shi cikin jaka ɗaya da littafin ranarsa. A kula da na baya-bayan nan da aka buga da zafin inji, rubutunsu yana dushewa ko a cikin aljihun tebur.

Kati

In kana son abin da ke da kasuwa tsayayya, ga shi. Katin farko na ɗan wannan wasa ɗan jami'a ne, Henry Beecher, kyaftin ɗin Yale, wanda ya fito cikin kwalin sigari a 1888. A 1894 kamfanin taba na Mayo ya fitar da jerin kati 35 na 'yan Yale da Harvard da Princeton. Gefensu baƙi ne, ko yaya aka goga sai ya nuna, shi ya sa mai lafiya yake wuya. A cikinsu akwai ɗaya da aka buga ba suna, na John Dunlop ɗan Harvard, wanda manyan masu tarawa suke farauta kamar ruwa a jallo. Wannan fagen masu hannu da shuni ne.

Wanda ɗan adam zai iya tunkara shi ne jerin da kamfanin kati na Topps ya buga a 1955, kati 100 na gwarazan jami'o'i. Dalilin fitowarsa ma labari ne: abokin hamayyarsa Bowman ne ke riƙe da yarjejeniyar 'yan wasan ƙwararru a lokacin, sai Topps ya juya ga tarihin jami'o'i. A ciki akwai Jim Thorpe da rigar Carlisle, makarantar 'yan asalin Amurka da aka rufe a 1918, mutumin da ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912. Akwai Red Grange, akwai Knute Rockne kocin Notre Dame, akwai Mahaya Huɗu a kati ɗaya. Katin ɗan wasan da sunansa bai yi amo ba, mai 'yar lanƙwasa, ba zai gagare ka ba. Na Thorpe mai tsafta kuwa maganar dubban daloli ake yi.

Abin da ya bambanta kati da sauran shi ne tsarin tantancewa. Kamfanoni irin su PSA da SGC suna duba shi, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin kwanson roba mai lamba, kuma kana iya bin lambar a intanet ka tabbatar. Wannan ya sa farashinsa a fili yake, sayar da shi kuma ya fi na kowa sauri. Tarkon yana wajen katin da ba a tantance ba: akwai masu aske gefe da reza don kusurwa ta yi tsini, akwai masu shafa launi a inda ya goge, akwai sabon bugu da aka tsufar da gangan. In katin ya wuce kuɗin da za ka iya yafewa, kada ka saye shi tsirara. Sannan ka sani, kati labarin mutum ɗaya yake bayarwa, cikin layi biyar ko shida a bayansa. Ƙungiyarka mai yiwuwa mutum biyu ko uku kawai take da su a jerin gaba ɗaya, wata ma ko ɗaya.

Tuta mai kusurwa uku

Ita ce ta fi kowa kyau a bango, ita ce kuma ta taɓa cin kuɗina. Na saye ta a intanet wajen wani da ya ce ta shekarun 1940 ce. Da ta iso na shafa sai na ji yadin da ƙarfi kamar kwali, fentin ko tsaga ɗaya babu. Ta gaske ta wancan zamani da ulu aka yi ta, tana da laushi, tana lanƙwashewa a hannu, fentin ya yi 'yan tsage-tsage, galibi da 'yan igiyoyi a gindinta, wani lokaci da ramukan ƙusa a kusurwa inda wani ɗalibi ya kafa ta a ɗakin kwanansa. Matsalar tuta ita ce yawancinsu ba shekara a jiki, sunan makaranta ne kawai da tambarinta, don haka kowa yana iya ba ta shekarun da ya ga dama. Wadda aka yi don wani wasa takamaimai, kamar na Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka, ita ce mai sauƙin tabbatarwa, domin tana ɗauke da shekara da sunan abokin karawa, wasu har da jerin 'yan wasa. Farashinta matsakaici ne. Abokan gabanta biyu: asu da rana. Tutar da ta shekara tana kallon taga, ja zai koma ruwan hoda, ba kuma mai dawo da shi.

Riga da hular kwano

Nan ne zuciya take rinjayar hankali. Riƙe hular fata ta shekarun 1930, ka ga yadda gumi ya baƙanta cikinta, ka tuna cewa sai a 1939 aka wajabta wa 'yan wasan jami'a saka hula, za ka ji wani abu da takarda ba ta bayarwa. Mai son Michigan zai so hula mai zanen fiffike da koci Fritz Crisler ya zo da shi daga Princeton a 1938. Tsohuwar hular fata wadda ba a jingina ta ga kowa ba, ana samunta da 'yan ɗaruruwan daloli. Da zarar an ce "wane ne ya saka," farashi ya yi sama, haɗari ma ya bi shi.

Dalili kuwa, jami'o'i ba sa zubar da riga bayan kaka ɗaya. Rigar da babban ɗan wasa ya saka bana, baɗi wani ne zai gaje ta, daga baya ta gangara wajen 'yan ajin farko su yi atisaye da ita. Makarantu irin su Penn State da Notre Dame kuma sun shafe mafi yawan tarihinsu ba sa rubuta suna a baya. Saboda haka lamba kaɗai ba hujja ba ce. Lamba 44 a Syracuse, misali, Jim Brown ya saka ta, Ernie Davis ya saka, Floyd Little ya saka, wasu da dama ma sun saka. Hujja mai ƙarfi ita ce a ɗauko hoton ranar wasa a gwada da rigar, a ga ɗinkin gyara ko yagewa ko tabo a wuri ɗaya. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, kuma ba kyauta suke yi ba. Wasiƙar "kakana ne ya ba ni" ba ta wadatar. Ga cin wuri, ga fata da ke bushewa ta tsage in iska ta yi ƙarancin laima, ta yi fumfuna in ta yi yawa.

Sa hannu

A nan jabu ya fi yin sansani. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo gungun masu ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa, waɗanda har takardun shaidar ma su suke bugawa da kansu. Don haka takardar shaida darajarta daidai take da darajar wanda ya ba da ita. Kamfanonin tantancewa na PSA da JSA da Beckett su ne kasuwa ta fi yarda da su, su ma ra'ayin ƙwararru suke bayarwa, ba su ga lokacin da aka sa hannun ba.

Sanin tarihi yana kare ka fiye da kowace takarda. Rockne ya rasu a hatsarin jirgin sama a Kansas ranar 31 ga Maris 1931, biro kuwa bai shiga kantunan Amurka ba sai 1945. Duk sa hannun Rockne da biro ƙarya ne, ba sai ka kira gwani ba. Ernie Davis, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1961, cutar sankarar jini ta ɗauke shi a 1963 yana ɗan shekara 23, alƙalamin Sharpie kuma a 1964 ya fito. Ka ga hoton Davis da irin wannan tawada, ka wuce abinka. Tawada a kan ƙwallon fata tana dushewa da sauri. A kan takarda ta fi daɗewa.

Ga su a jere:

| Kaya | Farashin farawa | Ƙarko | Sauƙin sayarwa | Haɗarin jabu | Yawan labari |
|---|---|---|---|---|---|
| Littafin wasa | Ƙasa | Matsakaici | A hankali | Kaɗan | Mai yawa ƙwarai |
| Guntun tikiti | Ƙasa | Matsakaici | Matsakaici | Kaɗan zuwa matsakaici | Kaɗan |
| Kati tantantacce | Matsakaici zuwa sama | Mai kyau | Da sauri | Kaɗan | Na mutum ɗaya |
| Kati tsirara | Ƙasa | Matsakaici | Matsakaici | Babba | Na mutum ɗaya |
| Tuta | Matsakaici | Rauni ga asu da rana | Matsakaici | Matsakaici | Kaɗan |
| Riga ko hula | Sama | Sai da kulawa | Sai ta gwanjo | Babba | Mai yawa in an tabbatar |
| Sa hannu | Ya danganta da suna | Tawada na dushewa | Da sauri in da shaida | Mafi girma | Kaɗan |

Akwai abu ɗaya da ban sa a jadawalin ba domin 'yan kasuwa ba su cika ɗaukarsa kayan wasa ba: littafin shekara da ɗalibai suke fitarwa. Na Michigan sunansa Michiganensian, na Notre Dame Dome, na Alabama a da Corolla. A ciki za ka samu hoton ƙungiya gaba ɗaya da bayanin kowane wasa na kakar, da alƙalamin waɗanda suka kalla. Yana da nauyi, kuɗin aiko shi wani lokaci ya fi kuɗinsa, kuma jami'o'i da yawa sun ɗora nasu a intanet kyauta. Ka karanta na shekarar da kake nema kafin ka sayi komai nata. Da shi za ka gane ko lambar da ke jikin riga ta dace da sunan da aka faɗa maka.

In kayan gida za su biyo ka, Kano ko Zinder ko Kumasi, lissafin ƙarko ya canza. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, laimar damina tana kumbura takarda, gara kuma ba ta san Red Grange ba. Kati cikin kwansonsa shi ya fi jure wannan. Takardu a sa kowacce cikin jakar adana da ba ta da sinadarin da ke cin takarda, a kwantar da su cikin akwatin roba mai murfi, a ɗaga daga ƙasa, nesa da bango. Kada a kuskura a kai su wajen masu manna leda da zafi kamar takardar shaidar makaranta. An gama da darajarsu ke nan har abada.

Wa ya dace da me

Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi da ke son sanin ƙungiyarsa, irin ɗan yayata: littafin wasa, kuma ka ƙuntata fagen. Zaɓi karawa ɗaya ta gaba da gaba, ko zamanin koci ɗaya, ka bi shi shekara bayan shekara, kana haɗawa da tikiti in ya samu. Littafi goma a jere sun fi hamsin a warwatse.

Wanda yake so kuɗinsa su kasance inda zai iya ciro su in buƙata ta taso: kati tantantacce daga jerin 1955, babban suna ko da makinsa 3 ne ko 4, ya fi ƙaramin suna mai maki 8 saurin samun mai saye. Ba na ce riba tabbas ba ce, farashin kati yana hawa yana sauka.

Mai son ƙawata falo ko ofis: tuta mai shekara a jiki, cikin gilashin da ke tare hasken rana, a bangon da ba ya fuskantar taga.

Mai kuɗi da haƙuri: riga ko hula, ta hannun gidan gwanjo sananne, da hoton da ya tabbatar. In ba hoton, ka biya kuɗin tsohuwar riga kawai, kada ka biya kuɗin suna.

Sa hannu kuwa, ban ba sabon shiga shawararsa ba sai ya shekara biyu yana karatu, in ban da wanda ya karɓa da hannunsa.

Akwai kuma mai son tarihin da ba a cika kula da shi ba, kuma shi na fi yi wa sha'awa. Jami'o'in baƙaƙen fata na Amurka suna buga wannan wasa tun 27 ga Disamba 1892, ranar da Biddle ta kara da Livingstone a North Carolina. Eddie Robinson ya horar da Grambling daga 1941 zuwa 1997, ya ci wasa 408, a hannunsa Doug Williams, wanda ya yi suna a wasan ƙwararru, ya fito. Kamfanonin kati na wancan zamani ba su waiwayi waɗannan makarantu ba, littattafan wasansu kuma kaɗan aka buga, kaɗan aka adana. Mai wannan buri ya sa sunayen Grambling da Southern da Florida A&M cikin abin da yake nema a kasuwannin intanet, ya riƙa leƙawa, in littafin Bayou Classic, wato karawar Grambling da Southern, na shekarun 1970 ya ɓullo a farashin da zai iya, ya ɗauka ko da bangonsa ya naɗe.